Daga Ijaza Zuwa Bak: Tarihin Jarrabawa a Ƙasar Adar

Tun kafin Nasara su kafa barikinsu a Tawa a farkon ƙarni na 20, ƙasar Adar ta san ilmi, ta kuma san hanyar tantance ma'abotansa, wato shaidar malami a kan almajirinsa. Yaro ya fara da allo, ya wuce babbaƙu da farfaru, ya yi sauka, in Allah ya ba shi himma ya yi hadda, sa'an nan ya durƙusa gaban shehi guda shekara da shekaru, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, har ya kai Muhtasar. Idan shehin ya gamsu da fahimtarsa da ladabinsa, sai ya ba shi ijaza mai ɗauke da silsilar malamai, wane daga wane, har a tuƙe ga mawallafin littafin. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda kabarinsa ke kusa da Madawa, ya karɓi ijaza a Misira daga hannun Murtala al-Zabidi, shi kuma ya ba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta, da ƙanensa Abdullahi. Falalar wannan tsari ita ce mai hukunci ya san wanda yake hukuntawa zahiri da baɗini. Amma tsari ne da ba zai iya zaɓen mutum talatin daga cikin dubun da ba a sani ba, kuma wannan ita ce bukatar da sabon mulki ya zo da ita.

Faransawa magatakarda suke nema, da tafintoci, da malaman lakwal, gwargwadon abin da ofisoshinsu za su ɗauka. A ƙofar farko babu wata jarrabawa, domin ba mai neman shiga: kumandan ne ke aika wa sarakuna da hakimai umarnin su kawo yara, da yawansu kuwa suka ɓoye ƴaƴan cikinsu, suka tura ƴaƴan barori da marayu, bisa tsoron kada boko ya ɓata aƙidar zuriyarsu. Tantancewa tana can sama. Wanda ya gama lakwal ta gari ya ci sartifika, sai ya yi gasar shiga babbar firamare, wadda da fari sai an je Wagadugu, daga baya aka buɗe ta a Yamai. Wanda ya yi zarra a can kuma ya sake wata gasar, shi da zaɓaɓɓun yaran dukan Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, domin shiga makarantar William Ponty ta Senegal. An kafa wannan makaranta a Saint-Louis a 1903, aka mai da ita tsibirin Gore a 1913, sa'an nan Sebikotane a 1938. Bubu Hama ya fito daga cikinta a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya sami shahadarta ta malanta. Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya bi ta nan. Haka ma ɗan siyasar nan Djibo Bakary, wanda a Tawa ya fara karatunsa. Ya kamata mai karatu ya lura da bambancin da ke tsakanin jarrabawa da gasa, domin a jarrabawa duk wanda ya kai maki ya ci, a gasa kuwa adadin kujeru ne ke yanke hukunci, ta yadda yaro mai hazaƙa kan faɗi ba don ya jahilci komai ba, sai don hukuma ba ta bukatar fiye da waɗanda ta riga ta ɗauka.

Dattawan da suka yi lakwal a wancan zamani, idan ana hirar sartifika, ba abin da suka fi ambata kamar dikte. Mushe, wato malamin lakwal, ya tsaya gaban aji yana karanta nassin Faransanci sannu a hankali, yara suna tsoma alƙalami cikin tawada suna rubutawa, kowa na kasa kunne ga haruffan da ake rubutawa amma ba a furta su. Kuskure biyar sifiri ne, sifiri a dikte kuwa ya rushe jarrabawar baki ɗaya, ko da yaron ya fi kowa iya hisabi. Ɗan manomin da bai taɓa jin wannan harshe a gidansu ko a kasuwa ba, wanda kuma aka rataya wa sambol, wato alamar horo, a wuya duk ranar da Hausa ta kuɓuce masa a farfajiyar makaranta, a kan harafi biyar makomarsa take rataye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe makarantar horon malamai a Tawa, wadda ta tara ɗalibai daga sassan ƙasa, duk da haka lokacin da aka sami mulkin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sabuwar jamhuriya ta gaji matakan yadda suke: sartifika da gasar shiga kwaleji, jarrabawar birbe bayan shekara huɗu a kwaleji, sa'an nan bak, wadda asalinta dokar Napoleon ce ta 1808, kuma ita ce mabuɗin jami'a da na tallafin karatu a ƙasashen waje. Jami'ar Yamai ta tsaya da ƙafafunta a 1973, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, mutumin da ya ratsa waɗannan gasanni duka har ya kai ƙololuwarsu a ilmin fizik a Faransa a 1956, kuma shi ne ya wallafa littafi kan tarbiyya a Afirka a 1964 yana kiran a koyar da yara da harsunan iyayensu. Shaidar wanda ya ci jarrabawa a kan aibinta ta fi ta kowa nauyi.

Wajibi ne a yi wa jarrabawa adalci, domin alherinta ga talaka ba ƙarami ba ne. Takardar da ɗalibi ke rubutu a kai tana da kusurwa inda yake sa sunansa, a naɗe ta a manne, ta yadda mai gyara ba ya sanin ɗan sarki ne ko ɗan maƙeri, lamba kaɗai yake gani. Kuma a al'ummar da nasaba da alfarma ke buɗe yawancin ƙofofi, wannan ƴar kusurwa ta yi wa marasa gata aikin da ba wani mai ceto da ya yi musu. Ta wannan hanya ce yaron da aka haifa a ƙauyen Dandaji na ƙasar Illela a 1952, Mahamadu Isufu, wanda daga baya ya shugabanci Nijar, ya kai makarantar injiniyoyin ma'adinai ta Saint-Étienne a Faransa. Akwai likitoci da alƙalai da hafsoshi ƴan Adar masu yawa da iyayensu ba su san kowa a Yamai ba.

Sai dai mudu ɗaya ba ya zama adalci idan gonakin ba ruwa ɗaya suka sha ba. A dubi yaron ƙasar Kalfu, gabas da Tawa, inda magidanta da yawa kan tafi bida Abijan ko Najeriya ko Libiya da zarar an gama girbi, su bar mata da tsofaffi da ɗawainiyar gida. Ajinsa sau da yawa rumfar kara ce, wadda ba a kafa ta sai an sami karan bana, kuma ruwan farko ke tashinta, saboda haka shekarar karatunsa guntuwa ce tun kafin a lissafa yajin aiki da rashin malami. Idan ya ci shiga kwaleji, sai a nema masa mai masauki a wani gari, abin da iyaye da yawa ba su yarda da shi ga ƴa mace ba. Idan kuma ba a yi masa takardar haihuwa ba, sai an bi ta hannun alƙali kafin a rubuta sunansa. Jarrabawa kanta tana faɗowa a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ake jiran ruwan shuka, gida na bukatar hannunsa. Ran nan za a ba shi tambaya ɗaya da ɗan ma'aikacin da ke makarantar kuɗi a Yamai, wanda ya tashi yana jin Faransanci a bakin uwa da uba, a ce an daidaita su.

Wasu sun ga cewa maganin wannan shi ne a kawar da jarrabawar, kuma an gwada. Wajen 2014 aka soke jarrabawar ƙarshen firamare, aka koma dogaro da makin aji. Malaman kwaleji suka yi ta kukan ana turo musu yaran da ba su iya karanta jimla ba, har hukuma ta maido da ita a 2024. Ko a Amurka, manyan jami'o'i da dama sun ajiye sharaɗin jarrabawar SAT a 2020, sa'an nan jami'ar MIT ta maido da shi a 2022, bisa hujjar cewa yana taimaka mata gano masu hazaƙa daga makarantun da ba su da gata. Soke jarrabawa bai ƙara wa ɗan ƙauye ilmi ba, ya dai jinkirta ranar da za a gane bai samu ba, ya kuma raunana hujja ɗaya tilo da yake iya nunawa gaban wanda bai san shi ba.

Yau Tawa tana da jami'arta, wadda aka kafa a 2010, mai ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Nasara, kuma ɗan Kalfu ba ya bukatar ƙetare hamada ko teku kafin ya ga zauren jami'a. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kirana ga mahukuntan ilmi shi ne su riƙe jarrabawa, su tsare ta daga maguɗi da sayar da tambayoyi, amma su ba yaron firamare damar amsa hisabi da tarihi da kimiyya cikin harshen da yake tunani da shi, a auna Faransancinsa daban a matsayin darasi guda. Su kuma gina masa aji na bulo da zai zauna ciki daga Oktoba har Yuni kafin su kira shi ɗakin jarrabawa.