Daga Cunkoson 1986 Zuwa iftop: Tarihin Sa Ido a Kan Data

Yau tarihi zan ɗan ba ku, musamman ku masu kula da saba da ke yini gaban baƙin allon nan na rubuta umarni. Duk wanda ya taɓa buga iftop don ya ga me ke cinye masa data, to ya san cewa abin nan yana da kaka.

A watan Oktoba na 1986, intanet tana jaririya, aka shiga wani cunkoso a Amurka. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar yadi 400 ce kacal. Layin da ke ɗaukar bit 32,000 a daƙiƙa ya faɗo zuwa bit 40. Ku lissafa, harafi biyar ke nan a daƙiƙa ɗaya! Kuma waya ba ta tsinke ba. Kwamfutocin ne ke yi wa juna illa: idan ɗaya ta aika saƙo ba ta ji amsa ba, sai ta sake aikawa, ta sake, kowa na yin haka har hanya ta toshe. Kamar masu adaidaita a mahaɗa, kowa na danna kai, ba mai wucewa.

Van Jacobson da Michael Karels suka bi diddigin matsalar. A 1988 suka fitar da maganinta: mai aikawa ya fara a hankali, in ya ga saƙo na ɓacewa ya rage gudu. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne, a shekarar dai Jacobson da Craig Leres da Steven McCanne suka rubuta tcpdump, manhajar da ke nuna maka kowane ƙunshin data yayin da yake wucewa. Daga baya aka ciro zuciyarta aka mai da ita libpcap, kuma a kanta iftop da Wireshark suke tsaye har gobe.

To, akwai wata hanyar daban. Linux da kanta tana ƙirga duk abin da ya shiga ya fita, lissafin na nan a /proc/net/dev. vnStat, wadda Teemu Toivola ya rubuta, wannan ƙirgen take karantawa ta adana, awa-awa, rana-rana, wata-wata. Ba ta leƙa saƙon kowa, shi ya sa ba ta nauyi.

Bambancin na da muhimmanci ranar da kamfanin da ka yi hayar saba ya turo maka kuɗin data da ya wuce misali. vnStat za ta faɗa maka ranar da abin ya faru da yawansa. Wane adireshi ne ke zuƙa kuwa, sai dai iftop, ita ma sai ka kama shi yana tsaka da yi, don ba ta ajiye tarihi. Shawarata, vnStat a saka ta tun ranar farko.