Tsofaffin Gidajen Yerwa da Giɓin da Ke Cikin Dokar Kayan Tarihi

Duk lokacin da aka tayar da zancen gine-ginen tarihi a Borno, hankali kan karkata ga sansanin Rabeh da ke Dikwa, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959, ko ga fadar Shehu. Gidajen fatake da malamai na unguwannin Shehuri, Fezzan da Hausari a Yerwa kuwa ba mai waiwayarsu, alhali su ke riƙe da fasalin garin. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a aikace, ɗaiɗaikun gine-gine take karewa, galibi na sarauta. Faransa ma haka abin yake a ƙarƙashin dokarta ta 1913, sai a 1962 dokar Malraux ta ba da ikon kare unguwa sukutum, abin da ya taimaki tsofaffin gidajen 'yan kasuwa a garuruwan Bretagne irin su Dinan da Vannes.

Wani zai ce Yerwa garin jiya ne, tunda a 1907 Shehu Garbai ya tare a cikinta. Gaskiya ne, amma tsarin ya girmi garin. Dandalin da ya miƙe zuwa ƙofar fada, da gida mai zaure inda ake karɓar baƙo da karantar da almajirai, gadon Kukawa ne, wadda Shehu Laminu ya kafa a 1814, Rabeh ya rusa a 1893. Abin da ya tsira daga waccan rusawar a Yerwa ya sami mafaka.

Hujjar masu adawa da ta fi nauyi ita ce ta ambaliyar Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har fada. Wa zai ce wa magidancin da katangar ƙasa ta rufta masa kada ya sayi bulon siminti? Babu, kuma dokar da za ta hana shi ba tare da tallafi ba zalunci ce. Sai dai Borno ba baƙuwar gini mai ƙarko ba ce: kufan Gazargamu da Gambaru na jan bulo ne gasasshe, ga su nan bayan ɗaruruwan shekaru. Ruwa ma bai kai rabon gado ɓarna ba, domin magada kan sayar, mai saye ya rushe ya jera shaguna.

Ya kamata gwamnatin Borno da masarauta su fara ƙidaya waɗannan gidaje unguwa-unguwa, su ware kuɗin gyara ga duk magadan da suka yarda su bar zaurensu a tsaye.