Gurnanin Wuta a Sifika: Daga Zamanin Pil Zuwa na Sola a Tasawa da Mayahi

Rediyon farko da na sani a gidanmu, a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, manyan pil huɗu take ci. Da ita mahaifina yake kama Rediyon Nijar, wadda aka buɗe a 1958, da sashen Hausa na BBC da ya girme ta da shekara ɗaya, da kuma Kaduna in dare ya yi. Tana da shuu ɗinta na iska, in hadari ya taso tana tartsatsi, amma ba ta gurnani. Ban san wannan ni'ima ba ce sai da na rasa ta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wutar pil hanya ɗaya take bi, kamar ruwan da ake tsiyayawa daga tulu. Ko da kaset ya shigo, aibin pil ɗaya ne: in sun fara mutuwa sai muryar Shata ta ja, kalangu ya yi nauyi, a cire su a shanya a rana wai su farfaɗo. Malamai 'yan'uwana za su so sanin cewa makarantar Nijar ma ta fara saurare da irin wannan wuta mai shiru. Talabijin ta lakwal ta soma a 1964, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 akwai azuzuwan da faifan hasken rana da batir ke kunna musu akwatin. Mutumin da ya fi kowa dagewa kan cewa rana ce arzikinmu ɗan Tasawa ne ta haihuwa, Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi yau.

Wutar waya, wadda muke ce wa kuran, wata halitta ce dabam. An kafa NIGELEC a 1968, shekarar da madatsar Kainji ta fara ba da wuta a Najeriya. Layin da ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai ya fara aiki a 1976, mu kuwa na tsakiya sai a shekarun 1990 layin Katsina zuwa Gazawa ya iso, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin nan garin da ke da wuta daga injin gazuwal yake samunta. Ko daga ina ta fito, wannan wuta kai da kawowa take yi, sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, a nan da Najeriya da Faransa. A Amurka sau 60. Wannan kai da kawowar kunne yana jin ta in ta sami ƙofar shiga sifika.

Lokacin da na kama aikin koyarwa a Tasawa na shiga gida mai mita, abin da na fara saya bayan katifa shi ne ampili na hannu da sifika biyu. Ina kunnawa sai "uuum", kamar ƙudan zuma a cikin kogo. Ko na rage murya har ƙasa yana nan, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na zargi wuta, na zargi sifika, na zargi wanda ya sayar mini. Daga ƙarshe na ɗora shi bisa keke zuwa rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Bai ma buɗe ba, ya saurara kawai.

"Mushe, wutarka lafiya lau. Kwandansa ce ta bushe."

"Baba, abin ƙarfe ma yana bushewa?"

"A zafin nan namu? Kai ma da za a rufe ka a akwati haka da ka bushe."

Ya yi gaskiya. A cikin kowane ampili akwai manyan kwandansa masu kama da ƙananan gwangwani, aikinsu su tara wutar da ke zuwa a gutsure su sake ta sumul. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma masu ƙera su sun ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. To a lissafa watan Afrilu a ɗakin kwano. In sun bushe, bugun wutar sau 100 a daƙiƙa ke ratsawa zuwa sifika. Ya canja biyu, gurnani ya ɗauke, kuɗin bai kai na kaza ba.

Shekaru bayan haka gurnanin ya dawo, ranar da na haɗa ampili da talabijin da akwatin tauraron ɗan'adam. Wannan karon kowane ɗaya shi kaɗai lafiya yake, sai an haɗa su. Abin da ke faruwa shi ne na'urori biyu da ke cin wuta daga soket dabam-dabam ba sa tsayawa a ma'auni ɗaya da ƙasa, sai 'yar wuta ta riƙa bin wayar sauti tana neman daidaito. Na mayar da su duka kan soket ɗaya, na raba wayar sauti da wayar wuta da na ɗaure tare don tsabta, abin ya kwanta. Sitabilaiza da mutane ke rugawa saya ba ta maganin wannan. Hawa da saukar wuta take gyarawa, ita ma da ƙas-ƙas ɗinta.

A nan nake so iyaye su tsaya. Yawancin gidajenmu waya biyu aka ja musu, babu ta uku mai zuwa ƙasa, inda kuma aka kafa ƙarfen, rairayin Mayahi a rani busasshe ne, ba ya karɓar wuta sai an kafa da zurfi ana ba wurin ruwa. Wasu kuma in sun ga gurnani ya ragu da an karya ƙafa ta uku ta fulogi, sai su karya. Wannan ƙafar ce ke tsakanin yaro da wuta ranar da waya ta taɓa jikin ampili. In yaro ya ce ƙarfen rediyo yana cizonsa, a cire daga soket a kira mai aikin wuta. Kada kuma a bar samari masu karambani su buɗe ampili, don kwandansa tana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Zamanin yau ya zo da nasa surutun, kuma siriri ne, mai kama da tsuwar gyare. Cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani, da ƙaramar inbata ta sola duk yanka wuta suke yi gunduwa-gunduwa dubban sau a daƙiƙa. Inbata mai arha ba ta fitar da wuta mai lanƙwasa sumul irin ta waya, mai kusurwa take fitarwa, kusurwoyin nan su ne zizar da ake ji. Ga abin dariya: ranar da Abdou Moumouni ya yi mana fata ta shigo gida, batirinta shiru ne kamar pil ɗin mahaifina, mu ne muke sa masa inbata ya koyi surutu. Na ga aji inda malami ke sa wa yara karatun Alƙur'ani ko na Faransanci ta sifika, waya tana kan caji, tsuwa ta rufe ƙarshen kalmomi, shi kuwa sai ƙara murya yake, na gaba suna toshe kunne, na baya ba su ji bambancin harafi da harafi ba. Na ce ya zare cajar. Aji ya yi tsit, sai muryar mai karatu.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. Masu hali suka koma gurup, wanda gurnaninsa ke hawa da sauka duk lokacin da firigo ya tashi. Wani dare a cikin watannin nan unguwarmu ta yi duhu gaba ɗaya, ba fitila, ba caja, ba injin kowa. Na ɗauko tsohuwar rediyon mahaifina, na sa mata pil, na ja eriya. Gajeren zango ya shigo tas, tashoshin da na ɗauka sun daina watsa shiri suna nan reras. Jikata ta matso ta kara kunne a jikin rediyon ta ce, "Kaka, ina injinta yake?"