Yaron da Aka Aika: Rikicin Gida a Gajerun Labaran Shirley Lim

A shekarar 1968 Lloyd Fernando, farfesan Ingilishi a Jami'ar Malaya da ke Kuala Lumpur, ya tattara gajerun labarai ashirin da biyu na marubutan Maleshiya a littafi guda. Cikinsu akwai "Journey" na Shirley Geok-lin Lim, haifaffiyar Malaka ta 1944, wadda ta yi karatu a wannan jami'a. Labarin wata yarinya ne da mahaifiyarta ta aika a motar haya ta karɓo mata magani. Ba a gaya mata na mene ne ba. Daga baya ta ga uwar cikin jini, uban kuwa hankalinsa na can wani wuri.

Abin da nake son kafawa shi ne, a wajen Lim, ba duka ko zagi ne ke fi yi wa yaro illa ba, a'a, ɗora masa sirrin manya ne tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Yarinyar ta zama hannun uwarta a al'amarin da ba ta da sunansa. Mai karatu Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Binciken Enid Schildkrout a Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda matan kulle suka dogara da yara wajen aike da talla. Amma ita harkar tattalin arziki ta fi dubawa. Abin da ɗan aike ke gani ya haɗiye, wannan aikin adabi ne.

"Mr Tang's Girls", wanda ya fito a tarin labaran Lim na 1982, ya fi zurfi. Mr Tang attajiri ne mai gida biyu, yana leƙa matarsa ta biyu da 'ya'yanta mata huɗu a ƙarshen mako. Zuwansa kan sauya gidan: kowacce cikin 'ya'yan ta shiga taitayinta, ta zama irin 'yar da yake son gani. Wato ba tarbiyya suka koya ba, sun koyi fuska biyu. Babbarsu, Kim Li, ta ƙi wannan wasa, sai ya yanke shawarar aurar da ita ga wani yaronsa na aiki, ya huta. Labarin ya ƙare da ita ta daɓa wa uban wuƙa. (A wannan shekara ta 1982 ce dokar da ta hana waɗanda ba Musulmi ba ƙara aure ta fara aiki a Maleshiya, sai dai doka ba ta rushe gidajen da aka riga aka kafa.)

Ni dai ina ganin wuƙar ta yi wa labarin nauyi. Ta mai da Kim Li abin al'ajabi, alhali ƙannenta uku masu ladabi su ne ainihin shaidar ɓarnar.

A nan ne gajeren labari ya bambanta da dogo. A *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, amma littafin na da filin da zai biya su: Saudatu, 'yar Rabi, ta yi aure mai kyau, uban ya ga sakayya. Lim ba ta da wannan fili, ba ta kuma nema ba. Tana yanke labari ne daidai lokacin da yaro ya gane abin da ke faruwa a gidansu, ba tare da ta yi wa mai karatu alkawarin cewa wani zai biya ba.