Gawo da Gero: Tsohuwar Maƙwabtaka a Ƙasar Damagaram

Duk wanda ya ratsa ƙasar Matamaye da Magarya a tsakiyar rani zai ga kuka ta tuɓe, ciyawa ta ƙone, amma gawo yana tsaye kore shar a cikin gonaki. Idan ya sake bi a watan Agusta, lokacin da gero ya kai wuya, sai ya tarar gawon ya kakkaɓe ganyensa kamar wanda ya bushe. A kan wannan hali na saɓa wa sauran itatuwa manoman Damagaram suka gina wata al'ada da ta daɗe. Abin da tarihinta yake nunawa shi ne, a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci, ana auna itace ne da abin da zai iya rayuwa a ƙarƙashinsa, kafin a dubi saurin girmansa ko kyan inuwarsa.

Gawo yana zubar da ganye a farkon damina, ganyen ya ruɓe a daidai lokacin da shuka take neman taki, rana kuma ta samu hanyar sauka a kan gero. Saiwarsa tana nutsewa can ƙasa ta sha ruwan da saiwar hatsi ba ta kaiwa, don haka ba sa rigima a kan danshi ɗaya. Yana kuma cikin dangin wake, masu ƙara wa ƙasa ƙarfi ta saiwarsu. Da rani, dabbobi suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa da suke faɗowa a lokacin da abincin dabba ya fi wuya, su bar kashinsu a gindin. Irin da ya bi ta cikin akuya ko saniya ya fi saurin tsira, shi ya sa takin da aka kai gona yakan zo da sababbin gawuna. Manomi bai dasa ba, aikinsa kawai ya kauce wa tsiron da hauya. Sarakuna ma sun san darajar wannan. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sanya hukunci mai tsanani, har na kisa, a kan mai sare gawo ba da izini ba. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, ya nuna cewa fada ta ɗauki wannan itace a matsayin wani ɓangare na rumbun ƙasa.

Abin da ya raunana al'adar ya zo ne ta hanyar doka. Dokar daji da Faransa ta kafa a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma a 1935 ta mayar da itatuwa irin su gawo ƙarƙashin ikon hukuma, kuma Nijar ta gaji wannan tsari bayan samun 'yanci. Mutum zai iya shan tara don ya sassare reshe a gonar da ya gada. Wanda ya san ba zai mori itace ba, kuma zai iya jawo masa ma'aikacin gandun daji, me zai sa ya bar shi ya girma? Malaman gona kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sun tarar da gonaki a buɗe, iska tana binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina guda.

Maganin da aka fara kawowa shi ne dashe: gandun renon itatuwa, da darbejiya, da turare. Kuɗi da yawa sun tafi, kuma akasarin dashen ya mutu tun bai shekara biyu ba, saboda ƙishi da bakin awaki da rashin mai shi. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aiki a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kalgo da sabara da ake sarewa kowace shekara kututture ne masu rai, kuma idan aka bar reshe ɗaya ko biyu aka rage sauran, za su koma itatuwa. A Damagaram kuwa, musamman Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun koma barin gawo ne galibi ba tare da wani shiri na waje ba, yayin da hannun hukuma ya sassauta. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000 sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar.

Wani zai ce ai ruwan sama ne ya gyaru bayan shekarun fari. Ruwa ya taimaka, babu musu. Sai dai itatuwan sun fi yawa a gonakin da jama'a suka fi cunkushewa, ba a dajin da ba shi da mai shi ba, alhali hadari ɗaya ne yake zuba a kan duka biyun. Wani kuma zai ce darbejiya ta yi rawar gani, kuma gaskiya ne. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, an fara dasa ta layi-layi a 1975 don tare iska, kuma amfanin gona ya ƙaru. Amma a lura da yadda aka yi: an bar tazarar kusan mita 100 tsakanin layuka, darbejiya kuma ba ta sauke ganye da damina, don haka geron da yake dab da ita yakan rame. Daga baya an haɗa ta da bagaruwa don toshe giɓin da ke ƙasa. Darbejiya ma sai da aka sama mata gurbi da abokin zama kafin ta yi amfani. Gurbinta shi ne bakin titi, da kasuwa, da ƙofar gida, da iyakar gona. Masu lambu a duwatsun Azbin, kamar na Timiya, suna bin irin wannan hikima: dabino a sama yana tace rana, lemo da rumman a tsakiya, alkama da kayan miya a ƙasa, duk suna shan rijiya guda.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na jinkiri. Gawo yana ɗaukar shekaru kafin amfaninsa ya bayyana a rumbu, yana da ƙaya, kuma masu neman itacen wuta ko ganyen dabbobi suna iya sassare shi cikin dare. Amsar manoma ita ce haɗawa: kalgo da sabara su ba da itacen girki cikin 'yan shekaru, kuka ta ba da miya, magarya da aduwa su ba da 'ya'ya, gawo kuma ya girma a hankali. Batun sata kuwa batun mallaka ne, shi ya sa dokar da Nijar ta fitar a 2020, wadda ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa, take da muhimmanci. Jihohin Katsina da Jigawa da Yobe, waɗanda suke raba dashe kowace damina, ya kamata su fara da tabbatar wa manomi cewa gawon da ya tsiro a gonarsa nasa ne.