Cibiyar Ƙwayar Halitta: Rawar da Take Takawa Wajen Ratsa Naman Jiki

Ba dukkan ƙwayoyin halittar jiki ne ke zama wuri ɗaya ba. Fararen ƙwayoyin jini kan fita daga jijiya su nufi inda rauni yake, ƙwayoyin cutar daji kuwa kan bar inda suka tsiro su bazu zuwa huhu, hanta ko ƙashi. Dukansu sai sun kutsa ta ƙananan kafofin da ke tsakanin zarurrukan nama, kuma cibiyar ƙwayar, wato ma'ajiyar DNA, ita ce babban abin da ke iyakance wucewarsu.

A cikin ƙwaya babu sashen da ya kai cibiya girma da tauri. Wannan taurin ya samo asali ne daga furotin mai suna lamin A da C, wanda ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatarta. A 2013 Katarina Wolf da Peter Friedl sun nuna cewa ƙwayar daji kan tsaya cik idan kafa ba ta kai kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin cibiyarta ba, sai fa idan ta iya narkar da zarurrukan ta buɗe hanya. Nutrofil, wani nau'in farar ƙwayar jini, yana da ƙarancin lamin A da cibiya mai rassa, don haka yake sulalewa ta inda wasu ke maƙalewa.

Kutsen yana da illa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka da Cibiyar Curie ta Faransa sun gano cewa matsi kan yaga fatar cibiya, DNA ya lalace, kafin wani rukunin furotin mai suna ESCRT-III ya ɗinke yagar. A 2020 kuma an gano cewa cibiya ma'auni ce: da zarar an matse ta fatarta ta miƙe, sai ta aika saƙon da ke sa ƙwayar ta ƙara ƙarfin turawa.

Yawancin mace-macen cutar daji bazuwarta ce ke jawo su. A ɗakin gwaji, toshe ɗinkin fatar cibiya tare da gyaran DNA ya ƙara mutuwar ƙwayoyin da ke kutse. Sai dai ƙwayoyin garkuwar jiki ma da wannan gyara suka dogara, don haka duk maganin da za a haɗa ta wannan hanya sai ya bambance mai cuta da mai kariya.