Daga Ludayin Kaka zuwa Ƴar Ledar Likita: Tarihin Abincin Yaye a Kudancin Nijar

Masu rubuta tarihin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙi da fatauci. Ba safai ake tambayar abin da uwa ke zubawa a ludayi ranar da jinjirinta ya fara ɗanɗana wani abu ban da nono ba. Alhali kuwa duk wanda ya yi sarauta ko ya ja ayari sai da ya tsallake wannan siraɗi na tsakanin wata 6 da shekara 2, lokaci mai haɗari ƙwarai a rayuwar yaro. Abincin yaye yana da nasa tarihi, kuma babi mafi girma na wannan tarihi a zamaninmu a Maraɗi aka rubuta shi.

Gadon hatsi da nono

Tushen abincin yaye a wurinmu hatsi ne. Masu haƙar kayan tarihi sun samu shaidar noman gero a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali ta yau, wadda ta kai kimanin shekara 4,500. Tun daga wancan zamani mutanen Sahel ke surfe, suna wanki, suna tsimawa, suna niƙa. Daga nan aka samu kunu da koko da fura da gumba, waɗanda su ne yaro ke fara haɗuwa da su idan ya soma zama.

Al'ada da addini sun haɗu a kan tsawaita shayarwa. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kuma Bahaushe ya daɗe yana kewaye wannan wa'adi da tsare-tsare. Mai jego na wanka da ruwan zafi har kwana 40, ana ba ta kunun kanwa da nama don ta murmure, nono ya kawo. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta daɗe can. Macen da ta yi rurrutsa, wato ta samu ciki da goyo, takan sha gori, domin mutane sun lura tun da daɗewa cewa yaron da aka cire daga nono ba shiri yakan rame, ya yi ta zawo. Idan lokacin yaye ya yi, sai a kai yaro wurin kaka ko gwaggo, a riƙa lallashinsa da fura da nono har ya manta.

Wannan gado yana da hikima, yana kuma da gibi. A wurare da dama ana matse dakashi a zubar, a ce nonon farko ba shi da kyau, alhali shi ne rigakafin farko da jinjiri ke samu. Ana ɗura wa jariri ruwa da bauri tun makonnin farko. Wasu gidaje suna hana yaro ƙwai wai kada ya zama ɓarawo. Gibi mafi girma kuwa yana cikin kunun kansa. Garin hatsi idan ya ji wuta yakan kumbura ya yi kauri, sai uwa ta ƙara ruwa don yaro ya iya haɗiyewa. Kunun da aka tsinka haka sau da yawa ƙarfinsa bai kai na nonon uwa ba, wanda ke da kusan kalori 65 zuwa 70 a kowane mililita 100. Cikin yaro ɗan wata 8 kuwa bai fi ɗaukar ɗan ƙaramin moɗa ba. Sai ya ƙoshi da ruwa, uwa ta ga ciki ya tashi ta ce ya ci, jiki kuwa bai samu komai ba.

Kayan zaƙi na da

Kafin kantunan Turawa su cika kasuwa da sukari, zaƙin da yaro ya sani daga itatuwa da gona yake fitowa. Ayarin raƙuma na kawo dabino daga Kawar da Abzin tare da gishirin Bilma. Daji na ba da magarya da goruba da kanya da ɗinya da tsamiya. Garin kuka, wanda a yau aka tabbatar yana da bitamin C mai yawa, ana dama shi da nono. Mata na yin dakuwa da aya, da kantu na riɗi, da gumba da aka daka da dabino, sai nakiya da alkaki na ranar biki. Galibin waɗannan ba zaƙi kaɗai ke cikinsu ba, akwai mai da gina jiki. Abu ɗaya da ilimin yau ya gyara shi ne zuma: ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba, saboda takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa.

Gujiya kuwa, wadda muke gani kamar tamu ce tun fil azal, baƙuwa ce. Daga Amurka ta Kudu take, jiragen Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912 ta zama amfanin sayarwa, Faransawa kuma suka matsa wa manoman Maraɗi da Damagaram su noma ta don biyan haraji. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don cinikinta. Shekara da shekaru buhunan gujiya na fita waje ana matse musu mai a Faransa, ƴaƴan waɗanda suka noma ta kuwa suna shan kunu tsalala. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa shukar a 1975 suka karya wannan ciniki.

Cutar da aka raɗa wa suna

Yunwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tsofaffi sun bar mana sunan Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, iyayenmu sun ga ta 1973 da 1974, da El-Buhari ta 1984. Amma tamowar yara daban take da yunwar gari, domin takan kama yaro ko rumbu na cike. Wadda ta fara bayyana wa likitocin duniya wannan ita ce Sisili Wiliyams, likita haifaffiyar Jamaika da ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau. A 1933 ta siffanta yaran da ƙafafunsu ke kumbura, gashi ya yi ja, fata ta saɓule. A 1935 ta kira cutar da sunan da mutanen Ga na Ankara ke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da ƙane ya ture daga nono. Abin da ta gano shi ne abin da matan Hausa ke tsoro a rurrutsa, sai dai ita ta nuna cewa laifin ba na nonon mai ciki ba ne, na kunun masara ne tsura da aka bar yaro da shi.

A Turai kuwa an bi wata hanya. A 1867 Hanri Nesle ya fara sayar da garin madara da alkama na jarirai a garin Bebe na ƙasar Suwis, daga nan abincin jarirai ya zama hajar kamfani. Da madarar gwangwani ta iso biranen Afirka, inda ruwa ba shi da tsabta kuma kuɗi ba su isa a dama ta yadda aka ƙayyade ba, sai zawo ya yi ta kashe jarirai. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idar tallar madarar jarirai a 1981, sannan a 2001 ta tsai da shawarar da ake bi har yanzu: nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Maƙwabtanmu ma sun nemi mafita daga gonakinsu. A 1982, a asibitin Fadan Gurma ta Burkina Faso, aka haɗa garin Misola da gero da waken soya da gujiya, duk an soya su sama-sama kafin a niƙa. Ƙungiyoyin mata suka ɗauki aikin haɗa shi, daga baya ya bazu zuwa Mali da Nijar.

Maraɗi, 2005

A 1996 wani likita Bafaranshe, Andire Biriyan, tare da Mishel Leskan na kamfanin Nutriset da ke kusa da birnin Ruwan, suka haɗa wani abinci da suka kira Plumpy'Nut. Kayan haɗinsa ba su da wuyar ganewa ga Bahaushiya: markaɗaɗɗiyar gujiya, madarar gari, sukari, mai, sai bitamin da ma'adinai. Leda ɗaya gram 92 ce, tana da kalori 500. Sirrinsa shi ne rashin ruwa. Madarar magani da ake amfani da ita a da sai an dama ta da ruwa mai tsabta a asibiti, dole uwa ta kwanta da ɗanta makonni, ta bar sauran ƴaƴa da gona. Shi kuwa wannan ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa cikinsa, yaro na iya tsotsarsa a gida.

Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. An ƙiyasta gibin hatsi na ƙasa da kimanin tan 223,000. Gibin bai kai na manyan shekarun fari ba, amma farashi ya haukace: buhun hatsi mai kilo 100 ya kusan jikka 30 a wasu kasuwanni cikin damanar 2005. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne yaran da suka fi tagayyara ba daga hamada suka fito ba, daga jahar Maraɗi ne da kudancin Damagaram, rumbun ƙasa. A can ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, talaka na sayar da amfaninsa da kaka don biyan bashi, ya sake sayensa da tsada a bazara.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin wannan shekara, mafi yawansu a gidajensu da wannan ƴar leda, kuma a Maraɗi fiye da 9 cikin 10 sun warke. Ƙungiyar ba ta taɓa yin irin wannan aiki da yawa haka a ko'ina ba. A shekarar ce kuma kamfanin STA na Yamai ya fara haɗa abincin a cikin ƙasa. A 2006 gwamnati ta ayyana jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, a 2007 kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da jinyar tamowa a gida a matsayin tsarin duniya. Lamarin bai rasa taƙaddama ba. Shugaba Mamadu Tanja ya musanta cewa yunwa ake yi a 2005, kuma a 2008 hukuma ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Bayan siyasa, akwai tambayar da ta cancanci a yi: shin ƙasa za ta iya dogara har abada ga maganin da baƙi ke saye?

Abin da tarihin ya bar mana

Ƴar ledar magani ce, ba abincin kullum ba. Tana ceton yaron da damtsensa ya gaza milimita 115, amma ba ta hana ƙanensa faɗawa rami ɗaya. Rigakafin yana cikin tukunya, kuma kusan duk kayansa suna kasuwar ƙauye. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 na bukatar kimanin kalori 200 a rana ban da nono, ɗan wata 9 zuwa 11 kimanin 300, ɗan shekara 1 zuwa 2 kimanin 550. Kunu mai kauri da ba ya zuba daga cokali, da aka ƙara masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake, da ɗan mai, da ƙwai ko nono ko garin kifi, da ganyen zogale ko kabewa, yana iya cika wannan. Idan ya yi kauri da yawa, ɗan garin tsiro, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka shanya aka niƙa, yana tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai dai a zaɓi gujiya mai kyau, domin wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai lahanta hanta. Maimakon alawar leda da lemun kwalba, ga gwanda da mangwaro da ayaba da dankali, ga kuka da nono. Masu bincike ma sun koma ga hatsin kansa: a 2018 aka fitar da irin gero mai suna Chakti a Nijar, wanda ke da sinadarin ƙarfe fiye da na gargajiya.

Canjin ɗabi'a yana tafiya, amma a hankali. Binciken ƙasa ya nuna jariran da ake ba nono zalla sun tashi daga kimanin 14 cikin 100 a 2006 zuwa 23 a 2012. A nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Ƴar makarantar da ke gabanmu yau ita ce uwar gobe, ɗan makarantar kuma shi ne maigidan da zai riƙe mabuɗin rumbu, ya yanke ko ƙwan gida na kasuwa ne ko na yaro. Ya kamata a koya musu wannan da harshen da kakanninsu ke ji, a kuma tattara sunayen kunu da kayan zaƙi na kowane yanki daga bakin tsofaffi tun suna raye, a tace na riƙewa da na bari. Gujiyar da ta ceci yaran Maraɗi a 2005 sai da ta zagaya ta Faransa kafin mu san darajarta. Guntun gatarinka, in ji masu iya magana, ya fi sari ka ba ni.